Turbar da Aka Auna da Ƙafar Yaro: Tattakin Iyali a Dazuzzukan Finlan

 

Yau nisa za mu yi. Za mu nausa can arewacin Turai, ƙasar Finlan, wadda ta yi iyaka da Rasha ta gabas, da Suwidin ta yamma, da Norwe ta arewa. Mutanenta ba su kai miliyan 6 ba, amma tafkunanta, in an haɗa manya da ƙanana, sun kusa 188,000, kuma kashi uku cikin huɗu na ƙasar daji ne. Abin da ya kai mu can wata ɗabi'a ce tasu. Ranar hutu sai magidanci ya kwashi matarsa da 'ya'yansa, wani lokaci har da kaka, su shiga daji da ƙafa, su yi tattaki na awa biyu ko uku, su hura wuta su ci abinci a bakin tafki, su komo gida. Da ɗan shekara uku a cikinsu, da jariri a goye. Tambayar da nake so mu bi diddiginta a yau ita ce, me ya sa uwa take yarda ta shiga irin wannan daji da ƙaramin yaro hankalinta kwance?

Kada wani ya zaci dajin nasu shimfiɗaɗɗe ne mai daɗin tafiya. Ko kusa. Shekaru dubbai da suka wuce ƙanƙara ce ta lulluɓe ƙasar gaba ɗaya, kaurinta ya haura kilomita 2 a wasu wurare. Tana motsi tana kankare duwatsu, tana haƙa ramuka, tana jibge tsakuwa. Da ta narke, kimanin shekaru 10,000 baya, sai ramukan suka cika da ruwa, su ne tafkunan nan. Abin da ya rage tsakanin tafki da tafki shi ne fa mai santsi, da saiwoyin itatuwa da suka fito waje saboda ƙasar ba ta da zurfi, da fadamu masu laka inda ƙafa kan nutse har gwiwa. Babba ma sai ya yi da gaske, balle yaro.

To mutane ne suka gyara. Akwai hukumar gwamnati mai suna Metsähallitus, ita ke kula da gandayen dajin ƙasa, waɗanda yanzu sun kai 41. Ba a biyan ko sisi kafin a shiga. Kuma aikin da ma'aikatanta ke yi, in ka dube shi da kyau, aiki ne na wanda ya durƙusa ya kalli hanya daga tsayin yaro.

Mu ɗauki gandun Nuuksio, wanda aka kafa a 1994. Tsakaninsa da Helsinki, babban birnin ƙasar, bai wuce kilomita 35 ba, kuma wanda ba shi da mota yakan hau jirgin ƙasa zuwa garin Espoo, daga can ya shiga bas. A bakin wani ɗan tafki da ake kira Haukkalampi turbobi uku suka tashi, kowacce ta zagaya ta dawo inda ta faro. Ta farko kilomita 2 ce, ta biyu 4, ta uku wajen 7. Kowacce da launinta: ja, shuɗi, rawaya. An manna alamar launin a jikin itatuwa, kafin ka ɓace wa wannan ka hango ta gaba. Iyaye masu dabara sukan ɗora wa yaro wannan aiki, a ce masa, kai ne jagora yau, nemo mana ja na gaba. Yaron da a kan titi zai ce ya gaji bayan taku ɗari, sai ga shi a gaba yana gudu yana kiran babansa ya zo ya gani. Ba a ja shi ba, ba a lallashe shi ba, an dai ba shi abin yi.

Ku lura da hikimar zagaye. Turbar da ta miƙe ta tafi, dole ka juyo ka sake bin abin da ka riga ka gani, kuma a hanyar dawowa ne yara ke fara ƙorafi. Wadda ta zagaya kuwa, kowane taku sabon abu ne har a iso mota.

Idan an zo fadama, sai ka tarar an shimfiɗa katakai masu kauri, biyu-biyu a jere, an ɗora su a kan gungume, sun ratsa fadamar tun daga wannan gefe har wancan. Faɗinsu daidai tafiyar mutum ɗaya. Yaro yana tafe a kai yana jin katakon na ɗan lanƙwasa, dama da hagu gansakuka ce kore da ja, jiƙe sharkaf, ruwa na ƙyalli a ƙarƙashinta. In aka yi kiciɓis da wasu masu tahowa, sai ɗaya ya taka kan gungumen ya raɓe, a wuce. Katakan nan aiki biyu suke yi. Suna hana ƙafa jiƙewa, suna kuma hana ƙafa ɓata fadamar, domin sawu ɗaya a cikin wannan gansakuka yakan daɗe bai shafe ba, kuma in dubban mutane suka bi wuri guda sai ya koma kwata. Sai dai a kiyaye, in an yi ruwa ko sanyi ya daskarar da raɓa, katakan santsi gare su ƙwarai. A nan ake riƙe hannun ƙarami.

A Nuuksio ɗin nan akwai wani irin kurege mai fata a tsakanin ƙafafunsa na gaba da na baya, in ya buɗe ta sai ya yi shawagi daga wannan itace zuwa wancan. Shi ne tambarin gandun. Da dare yake fita, saboda haka da wuya a gan shi. Amma a farkon bazararsu, in aka duba gindin manyan itatuwa, akan ga kashinsa, 'yan ƙanana, rawaya-rawaya, girman ƙwayar shinkafa. Yaron da aka nuna wa wannan ya san cewa a saman kansa akwai mai gida yana barci. Ni a ganina darasin nan ya fi a nuna masa hoton dabbar sau goma a littafi. Akwai kuma cibiyar baƙi mai suna Haltia da aka buɗe a 2013, kusa da ita an yi wata turba mai faɗi wadda ake iya bi da keken tura jariri ko keken guragu, ta kai mutum har inda zai hango tafki daga sama. Kakar da gwiwa ta dame ta ba a barin ta a gida.

Yanzu bari mu zo wurin da ya fi burge ni a duk wannan lamari, wato wurin hura wuta. A kan kowace turba ta kirki akwai shi, galibi a bakin ruwa. Za ka ga murhu na ƙarfe ko na dutse, da benci na gungume kewaye da shi, wani lokaci da rumfar katako mai buɗaɗɗen gaba inda za a fake wa ruwa. Can gefe ga ɗan ɗakin itace, an jera busasshen itacen wuta a ciki, ga gatari ko zarto an ajiye. Babu kwaɗo a ƙofar, babu mai gadi, babu mai karɓar kuɗi. Gaba kaɗan ga makewayi irin wanda ba a zuba masa ruwa, sai dai a watsa ɓawon itace bayan an gama. Iyali su iso, uba ya faskara itace kaɗan, babbar 'ya ta tsaga ƙanana, a hura, a ɗora buta. In wasu suka iso ana cikin haka, wutar ta kowa ce, sai a matsa musu. Ba a cika surutu ba, mutanen Finlan ba masu yawan magana da baƙo ba ne, amma za a gaisa, za a ba da wuri. In an tashi tafiya, a kashe wutar in babu mai jira, a mayar da gatari inda aka same shi.

Ku yi tunani, jama'a. Wani ma'aikaci ne ya yi dakon itacen nan, sau da yawa a lokacin hunturu, a kan babur ɗin da ke tafiya bisa dusar ƙanƙara, domin iyalin da bai sani ba, waɗanda za su zo bayan wata shida. Kuma ya bar gatari ya tafi, da yaƙinin zai same shi. Itacen nan da tsada yake isa wurin, har ma a 'yan shekarun nan ƙarancin kuɗi ya sa hukumar rage wuraren da take kai shi. Shi ya sa wanda ya san ya kamata ba ya tula wuta kamar zai gasa sa. Gwargwadon shayi da ɗumi, shi ke nan. Shara kuwa, a yawancin wuraren nan babu kwandonta, da gangan aka cire. Abin da ka shigo da shi cike, ka fita da shi wofi. Yaro na kallon uwarsa tana naɗe ledar biskit tana cusawa a jaka, gobe ba sai an gaya masa ba.

Wannan amana tana da tushe. A Finlan akwai daɗaɗɗiyar al'ada, wadda doka ta amince da ita, cewa kowa yana da ikon ya yi tafiya a daji ko da dajin mallakar wani ne, ya yi iyo a tafki, ya tsinki 'ya'yan itacen daji da naman kaza, ya yi kamun kifi da ƙugiya da tsutsa, ba tare da neman izini ba. Baƙo ma yana da wannan iko daidai da ɗan ƙasa. Amma da iyaka. Ba a matsawa kusa da gidan mutane, ba a taka shuka, ba a sare itace ko karya reshe, ba a shiga da mota, ba a kuma hura wuta a filin wani sai da yardarsa. Cikin gandayen gwamnati ƙa'idar ta fi haka tsauri: wuta sai a murhun da aka tanada, kwana sai inda aka keɓe, kare kuwa dole a ɗaure da igiya. In hukumar hasashen yanayi ta ba da gargaɗin gobarar daji saboda fari, to buɗaɗɗiyar wuta ta haramta, ko da murhun na gabanka, ko da yara na kukan yunwa. Shi ya sa uwa mai hangen nesa ba ta dogara da wuta, takan zo da shayi a filas da burodi a jaka.

Daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta ƙasan dajin kan cika da wasu 'ya'yan itace shuɗɗa, ƙanana, a kan tsiro da bai wuce gwiwa ba. A wannan lokaci kilomita 2 na iya cin awa uku, domin yara sun tsuguna, baki da yatsu sun rine. A bar su. Sannu ba ta hana zuwa. Naman kaza ne ba a wasa da shi, akwai masu dafin da ke lalata hanta da ƙoda, kuma wasunsu sun yi kama da masu kyau. Ƙa'idar da ake koya wa yaro tun yana ƙarami ita ce, kada ka sa komai a baki sai babba ya gani, shi ma babban kada ya ɗebi abin da bai tabbatar ba.

Mu matsa gabas, kusa da garin Kouvola, zuwa gandun Repovesi da aka kafa a 2003. A nan akwai zagaye mai suna Ketunlenkki, kilomita 3 da rabi, wanda iyalai ke rububinsa saboda abu biyu. Na farko gada ce mai tsawon kusan mita 50 da ta ratsa saman wani mashigin ruwa. Na biyu jirgin fito ne, ɗan dandamali na katako mai shinge, babu inji, babu matuƙi. Igiya ce aka ja daga wannan gaɓa zuwa waccan. In ka iso ka tarar da shi a ƙetare, sai ka janyo shi, ku shiga, ku ja igiya da hannu har ku haye. Yaran sukan jeru su kama, uba na baya yana yin mai wuyar, su kuwa sun tabbata ƙarfinsu ne ya haye da kowa. Tsakanin gadar da jirgin akwai hawan tudu da matakala masu yawa, saboda haka keken jariri ba ya bi, sai goyo. Kuma ga abin lura: a 2018 tsohuwar gadar ta karye alhali akwai mutane a kai. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, aka gina sabuwa a 2019. Darasin da ke nan shi ne kafin a fita gida a duba shafin hukumar a intanet, domin gada ko jirgin fito ko matakala in suka sami matsala rufe su ake yi, kuma jirgin ba ya aiki in ruwa ya daskare.

Gajertar hanya ba ita ce sauƙinta ba. Misali gandun Koli, can gabas a bakin tafkin Pielinen, wanda aka kafa a 1991. Ƙololuwarsa, Ukko-Koli, tana da tsayin mita 347 daga doron teku, kuma daga kanta ake hango tafkin da tsibiransa birjik, yanayin da 'yan ƙasar ke ɗauka tamkar fuskar ƙasarsu. Mai zane Eero Järnefelt ya zana shi, mai tsara kiɗa Jean Sibelius ya ziyarci wurin. Zagayen da ya haɗa ƙololuwoyin bai kai kilomita ɗaya da rabi ba. Wanda ya ga wannan adadi zai ce ai wasa ne. Amma farin dutse ne mai santsi in ya jiƙe, ga matakala, ga gefuna masu zurfi waɗanda ba ko'ina aka sa musu shinge ba. Ɗan shekara huɗu zai iya, amma hannunsa cikin na babba. Don haka ne hukumar ta rarraba turbobinta, wannan mai sauƙi, wannan matsakaiciya, wannan mai wuya, wannan ta masu keke, kuma ana aunawa da yanayin ƙasa da hawa da sauka. A karanta wannan bayani, a gaskata shi. Can arewa kuma, a gandun Oulanka kusa da Kuusamo, shahararriyar turbarsu ta kai kilomita 82, ta kwanaki ce, ta manya. Mai ƙananan yara ya wadatu da tafiyar kusan kilomita ɗaya daga cibiyar baƙi zuwa gangaren ruwan Kiutaköngäs, inda kogi ke ruri a gindin jan dutse.

Wani zai ce duk wannan wahala ta mece ce, yaro ya zauna a gida mana. Masu bincike a Finlan sun gwada wani abu da aka wallafa a 2020. A garuruwan Lahti da Tampere suka bi yara 75 'yan gidajen reno, masu shekara 3 zuwa 5. A wasu gidajen renon aka kwaso ƙasar daji da tsirranta da ciyawa aka shimfiɗa a filin wasa a maimakon tsakuwa, yara suka riƙa wasa a ciki suna shuka. Bayan kwana 28 aka ga ƙananan halittu masu amfani a fatarsu sun ƙaru iri-iri, kuma gwajin jini ya nuna canji mai kyau a garkuwar jikinsu. Bincike ne ƙarami, amma ya ƙarfafa abin da iyayen can suka daɗe suna yi, wato barin yaro ya taɓa ƙasa.

Dajin yana da nasa haɗurran, kuma ba manyan namun daji ba ne abin tsoro, su gudun mutum suke yi. Kaska ce. Tana maƙale a ciyawa, ta kama fata ba a ji ba, kuma tana iya sa cuta iri biyu, ɗaya takan fara da jan zobe a fata, ɗaya kuma tana taɓa ƙwaƙwalwa, ita wannan akwai rigakafinta. A sa wa yara dogon wando a cusa cikin safa. In an dawo gida da yamma a tuɓe su a duba bayan gwiwa, da hammata, da bayan kunne, da cikin gashi. In an gan ta a kama ta da matsefata daf da fata a zare a hankali, kada a matse cikinta. Sauro kuma a Yuni da Yuli ba a magana, ba ya sa zazzaɓin cizon sauro amma yana hana yaro sakat. Maciji mai dafi iri ɗaya ne a ƙasar, wata 'yar kububuwa mai son shan rana a kan dutse. In ta sari yaro, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure. A ɗauke shi kada ya taka, a kira lambar gaggawa, 112.

Ruwa ya fi duk waɗannan. Tafkin nan da ke kwance lumui, bakinsa dutse ne mai santsi, wani wuri taku ɗaya ne zuwa zurfi, kuma sanyinsa na iya ƙame jiki ko da rana na haskawa. Ido ba ya barin yaro a bakin ruwa, ko na ɗan lokacin da za a juya nama a wuta. A ƙarshen bazara in aka ga ruwan ya yi kore-kore kamar an zuba fenti, ba a wanka ba a sha. Kowane yaro kuma a rataya masa usur a wuya, a koya masa cewa in ya waiga bai ga kowa ba, ya tsaya cak inda yake, ya jingina da itace, ya yi ta busawa. Yaron da ya tsaya ana samunsa da wuri. Wanda ya ruga neman hanya shi ke ba da wahala.

Ga 'yan'uwanmu Musulmi da karatu ko aiki ya kai su can, ga ƙarin magana biyu. Abin da aka fi gasawa a murhun nan tsiran turawa ne, kuma yawancinsa da naman alade ake yi. Saboda haka ku zo da naku naman, ku zo da tsinkenku ko takardar gashi ta alminiyam ku shimfiɗa a kan ragar. Sai batun lokaci. A Helsinki rana takan yi kusan awa 19 a sama a watan Yuni, a Disamba kuwa ba ta cika awa 6 ba. Da bazara haske zai yaudare ku, ƙarfe tara na dare gari fayau, yara sun gaji liƙis ba ku ankara ba, La'asar ma ta nemi kuɓuce muku. A bi agogo da jadawalin salla, a saka darduma a jaka. Daga Oktoba kuma abin juyawa yake, duhu na sauka da wuri, don haka tocila ta zama dole ko da kun ce yanzu za ku dawo. Tufafi kuwa a yi su hawa-hawa, na ciki mai ɗumi, na waje mai tare ruwa, da safar canji ga kowane yaro, domin ƙafar yaro sai ta sami kududdufi ko ina yake.